Keken Fatsar Basil

Negombo

Zuwa ga ƙanena Rienzie,

Malli, ƙaramin ƙanena, Yesu ya kiyaye ka. Ina fatan kana lafiya, kai da Dilrukshi da yara, da sanyin Napoli. Gaisuwa ta ƙare, ka gyara zama.

Keken naɗe zaren fatsa da ka aiko wa mijina ya mutu. Ka san irin lallashin da na yi kafin Basil ya yarda ya koma kamun kifi a duwatsun Morawala na bakin teku, tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara. Likita ya ce hannun dama ya warke iya warkewarsa, saura amfani. Bai daɗe da komawa ba wani babban kifin parawa ya haɗiye ƙugiyarsa, abokansa duk suna tsaye. Ya ce keken ya cije, ya ƙi naɗewa ya ƙi saki, zare ya tsinke. Abokinsa Maximus mai bakin nan ya ce, "Basil, kai ka kama kifin ko shi ya kama ka?" Basil ya ce, "Ku tambayi surukina na Italiya da ya aiko mini abin wasan yara." Tun ranar bai sake taɓa sandar fatsa ba. Yana zaune a baranda, duk wanda ya wuce sai ya ji labarin kekenka.

Na kwance shi a kan teburin kicin. Tsatsa ta fara cin cikinsa, haƙoransa na roba ne. A jikin kwalin kuwa hoton tabki ne, da dutse, da Bature da hula. Tabki, Rienzie! Kai da ka tashi a gidan da gishiri ke cinye kwaɗon ƙofa kowace shekara.

Shekaru ina koya wa 'yan mata adabi, yanzu ga ni ina karatun boris da giris, saboda kai. To ka koma shagon. Kada ka dubi ƙyalli, kada ka karanta yabon da ke kan kwali. Kai keken kusa da kunnenka ka juya hannun a hankali. In ka ji kamar yashi, ajiye. Girgiza hannun, in yana lilo, ajiye. Ka sa a ɗaura zare, a ɗaure birki, ka ja da ƙarfi: ya fito sumul, ba fizga-fizga ba. Ka tafi da maganaɗisu ka taɓa ƙusoshin. Wanda ya manne sosai, teku za ta ci shi. Ka sa a buɗe ka ga robar da ke tare ruwa da idonka. In mai shagon ya ɓata rai, ka ce yayarka ce ta aiko ka, kuma ta fi shi iya ɓata rai.

Ina son mijina ya tashi daga kujerar nan.

Yayarka,
Imelda

Napoli

Zuwa ga yayata, Akka Imelda,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Yesu ya kiyaye ku. Muna lafiya. Dilrukshi ta karanta wasiƙarki, ta ce ashe ba ita kaɗai ke ganin wautata ba.

Na je shagon da maganaɗisu a aljihu. Mai shagon ya ɗauka gwamnati ce ta turo ni. Na samu ɗaya da ya haye duk jarrabawarki. Ko ɗalibanki ba su taɓa yin haka ba. Amma ban saya ba, kuma dole in gaya miki dalili, ko da Basil Aiya, mijinki kuma yayana, zai daina gaisawa da ni.

Akka, ba ni na zaɓi wancan keken ba. Basil ne da kansa ya kira ni a wurin aiki, ya ba ni sunan keken da lambarsa. Na ce, "Aiya, wannan ai na ruwan daɗi ne, gishiri zai kashe shi." Ya ce, "Ina kwance keke tun kana yawo ba wando. Shi nake so. Kuma kada yayarka ta ji."

Na daɗe ban gane ba. Sai da na karanta abin da ya gaya wa Maximus.

Ki yi tunani. In na aiko mai kyau, kifi ya sake tafiya, wa zai zaga? Ni ban damu ba a ce ni ne sakaran suruki. Ya yi ta zagina har mu tsufa, ina nesa, ba na ji. Ki bar masa wannan.

Ƙanenki mai biyayya,
Rienzie

Negombo

Malli,

Yesu ya kiyaye ka. Ka gaishe da gida. Na jinkirta amsa ne don da na rubuta a ranar, da takardar ta kama wuta.

Ku maza biyu kun haɗa kai kun mai da ni mahaukaciya mai kwance ƙarfe a kicin. Wannan za mu yi maganarsa in ka zo Kirsimeti.

Ban gaya masa na sani ba. Kallonsa kawai nake yi. Yana ɗaukar kofin shayi da dama in ina wurin, da na juya baya sai ya mayar hagu. Ya daina sa riga mai maɓalli, wai zafi. Duk wannan a gabana ake yi, ni mai alfahari da karatu.

Na auna maganarka, ba don ta fito daga bakinka ba. Har na kusa yarda. Jiya da yamma sai mai sayar da kwakwa ya tsaya, Basil ya fara labarin. Kifin ya ƙara girma, keken ya ƙara lalacewa, kai kuma ka ƙara zama wawa. Mutumin yana ta gyaɗa kai yana neman hanyar gudu. Na dubi Basil na ga yadda zai zama nan gaba: tsoho mai labari ɗaya, wanda yara ke tsallaka titi don kada ya tare su. Mutumin da na aura ba ya magana a bakin teku, ko ni na je sai ya ce in yi shiru kifi na ji.

Tausayinka mai sauƙi ne, kana Napoli. Ni ce ke zuba masa shinkafa. Kuma ni zan zauna da shi in abin ya ɓaci, na sani, ina jin tsoro. Ka saya ka aiko.

Yayarka,
Imelda

Negombo

Malli,

Yesu ya kiyaye ka. Saƙo ya iso.

Basil ya juya keken a kunne, ya girgiza, ya ja zare, ya buɗe ciki. Ya daɗe yana neman aibi. Ya ce, "Wa ya koya wa Rienzie zaɓen keke?" Na ce, "Ni." Ya dube ni, ya rufe cikin keken.

Ran Asabar ya fita, na bi shi da lema. Kifi ya kama. Keken ya yi aikinsa. Ana cikin ja yatsun damarsa suka buɗe da kansu, zare ya yi sako-sako, kifi ya zare ƙugiya ya tafi. Maximus ya ce, "Surukin Italiya ne kuma?" Basil ya ce, "Keken lafiyarsa ƙalau. Hannuna ne." Babu wanda ya yi dariya.

Bai ci abinci ba ranar, ni ma haka. Da safe na same shi a teburina yana mayar da hannun keken ɓangaren hagu, yana zagin ƙusa. Ya ce hannun dama ya iya rungumar sanda, ba shi da wani aikin. Ya ce ka aiko da zare mai kauri, kuma ni zan rubuto maka yadda ake zaɓa.

Yayarka,
Imelda