Janareto a But ɗin Tasi

Daren Alhamis, Yuli 1996, Stapleton

Jibi za mu daji da wata mota mai ɗakin kwana. Babu wuta a can, kuma allurar ciwon sukarin 'yarmu Ummi sai da firji. Mai shagon kayan lantarki ya ce sola za ta riƙe firjin in akwai rana. In babu fa?

Da na ambaci janareto, matata Hadiza ta ajiye ludayi. "Baban Ummi, hayaƙinsa ya kashe yayana yana barci. Ba zai kwana kusa da 'yata ba."

Na ce to.

Amma rediyo ta ce za a kwana uku ana hadari. Ɗazu na sayo janareton, na ɓoye a but ɗin tasina. Sau uku na wanke hannu, warin fetur ya ƙi fita. Ga Hadiza nan ta juya mini baya, kuma na san ba barci take ba.