Ban Kalli Ummi Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, ina fatan makwancinki yana cike da haske. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma tun da kika tafi ban sami wanda zan yi wa magana ba tare da na auna ta ba.

Inna, aurena da Baban Ummi ya ƙare. Na gama idda a gidan Kawu Idi, jiya kuma alƙali ya sa hannu a takardar rabon kaya da riƙon yarinya. Duk wanda wasiƙar nan ta faɗa hannunsa, in ya ga dama ya kai wa Baban Ummi labari. Ya riga ya dangwala yatsa.

Kin tuna ranar da kika kai ni kasuwar Mai'aduwa sayen takalmin Sallah? Na ƙwallafa rai a kan wani ja. Kika taya baƙi, kika taya fari, jan ko kallonsa ba ki yi ba, har kika ja ni muka tafi ina kuka. Sai da mai takalmin ya biyo mu da shi a hannu. A hanya kika ce, "Abin da kika zo saya, kar ki kalle shi." Da wannan maganar na yi shekaru ina cin kasuwar atamfa.

Kin san surukinki. Duk abin da ya ga kina so, shi yake riƙewa, ko ba ya da amfanin da zai yi da shi. Tun ina idda ya aiko cewa zai ɗauke mai sunanki ya kai ta Baure wurin mahaifiyarsa. Malamai sun ce shari'a ni ta bai wa riƙonta. To, amma wanda ya ɗauke yarinya daga ƙofar makaranta, kafin shari'a ta cim masa an yi damina an girbe.

Shi ya sa ranar da aka zauna a zauren Kawu, ga shi ga yayansa Lawal, na shiga da idon kasuwa. Na kafe a kan firiza. Na kafe a kan filin hanyar Kongolam da muka haɗa hannu muka saya. Na lissafo awakin da ke kiwo a Baure har da masu ciki, na ce ko igiyarsu ba zan bari ba. Kawu ya ce, "Rabi, yarinyar fa?" Na kawar da kai na ce wannan mai sauƙi ce, a gama da kaya tukuna.

Ya ci ƙugiyar, Inna. Ya daki tabarma ya ce in kwashi 'yata in bar masa fili da firiza, ya ga da abin da zan riƙe ta. Na yi kamar an cuce ni, har da ɓata rai. Aka rubuta: Ummi tana hannuna, abinci da makaranta da asibiti a wuyansa, tana zuwa wurinsa Asabar ta dawo Lahadi.

Abin da ban lissafa ba, Ummi tana bayan ƙofar zauren. Shekararta tara, ba abin da ya wuce ta. Ta ji uwarta ta yi sa'a biyu tana faɗa a kan awaki, ta kuma ji ta ce ita mai sauƙi ce.

Sati uku ba ta haɗa ido da ni ba. Ban iya yi mata bayani ba, don bakin yaro ba ya da murfi, takarda kuwa ba a sa mata hannu ba. Jiya da muka dawo daga kotu na zaunar da ita na gaya mata komai, har labarin jan takalmi. Ta saurara tsaf. Sannan ta ce, "Umma, da ya ce ki ɗauki filin fa?"

Ni da ba a taɓa ƙure ni a ciniki ba, jiya 'yata ta ƙure ni.

Gobe Asabar ta farko. Ta haɗa jakarta da kanta. Na leƙa, na ga ta sa har kayan Sallah da littattafan Islamiyya. Wannan ba kayan kwana ɗaya ba ne. In ta ce masa ba za ta dawo ba, takarda tana iya dawo mini da jikinta, amma ba jikinta kaɗai na bar fili saboda shi ba.

Ban cire ko ɗankwali daga jakar ba. Na dai ce ta zo in yi mata kitso. Kin san kanta irin naki ne, ba ya son ja, ba hannun da take yarda da shi sai nawa. Ta zauna tsakanin ƙafafuna, wajen rabin kitson na ji ta jingino bayanta da gwiwata. Na yi shi sako-sako, Inna, irin wanda ba ya wuce kwana biyu. Ki yafe mini, ban iya komai ba sai dabara.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya sa ranar Lahadi mai sunanki ta shigo da kanta a tsefe, ta zauna inda ta zauna yau. In ta shigo, a gaban kowa zan kalle ta.

'Yarki da kika koya wa ciniki,
Rabi
Daura