Munduwar Inna a Cikin Kwamfuta

Gusau,
14 ga Afrilu, 1998.

Zuwa ga Yaya Ma'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam Adamu da yara. Yaya zafin Tsafe? Yaya jikin iyalina Bara'atu? Na ji kullum kina leƙa ta a gidan Babansu tunda ta je goyon ciki. Allah ya bar zumunci.

Yaya, wata magana ce ke damuna, ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke. Ki karanta ke kaɗai.

Kin san kwamfutar da muke buga wa mutane takardu da ita, ni da abokin sana'ata Elisha. Tun shigowar bazara take mana tsiya. Da rana ta take sai ta ƙame ƙam, aikin mutum ya bi iska. Mun sake mata fanka, a banza, iskar zafi kawai take hurawa. Ga masu neman aiki da 'yan kwangila a layi, tunda aka ba mu jiha kowa takarda yake so a buga masa. Sai Elisha ya zo da wata mujallar Turawa, wai can akwai masu sanyaya tasu da ruwa kamar injin mota. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Da ya zana mini a takarda kuwa, ni na fi shi zaƙewa. Kin dai san halina.

Muka shiga zaɓen kaya. Lagireton da bakanike ya fara kawo mana na tirela ne, ya fi kwamfutar girma, muka ƙare a kan ɗan ƙarami na hitar wata tsohuwar Fijo. Famfo a jikin kular sanyaya ɗaki muka cire. Tiyo na ce a sa na ƙarin ruwa na asibiti, Elisha ya ce ya yi siriri, muka sayi farin nan da magina ke awo da shi don a riƙa ganin tafiyar ruwan. Ruwan ma wai sai na batir, na rijiya yana barin gishiri.

Saura abu guda: ɗan dunƙulen ƙarfe da za a ɗora a kan ƙwaƙwalwar injin, ruwa ya ratsa cikinsa ya kwashe zafi. Elisha ya kafe sai jan ƙarfe mai kauri, don lagireton na jan ƙarfe ne, in aka haɗa shi da alminiyam za su ci juna. Na zaga kasuwa har ƙafata ta yi kanta. Wayar lantarki kuwa ba maƙerin da zai narka maka, kowa tsoro yake a ce ta sata ce. Elisha ya ce mu jira ƙarshen wata ya je Kano. Ni da jira?

Ranar Juma'a na buɗe akwatin Bara'atu zan ɗauko zanen da ta aiko a kai mata. Sai ga munduwayen nan biyu na marigayiya Innarta, naɗe a tsumma. Jan ƙarfe tsantsa, Yaya, ga nauyi. Na ce wa kaina ai biyu ne, kuma ba sawa take yi ba. Asabar na ɗauki ɗaya na hau mota zuwa Bungudu wurin Tukur maƙeri. Ya juya ta a hannu, ya tambaye ni ko na tabbata, ya sake tambaya. Na ce masa ta gidanmu ce. A kan idona ta narke.

Tun daga ranar tuwo bai yi mini daɗi ba. Abin da ya rage mata na Innarta ke nan a duniya, ni kuma na shiga kayan ɗakinta kamar ɓera. Don girman Allah kada ki bari ta ji kafin ta sauka.

Ki gaida mini Malam.

Ƙanenki,
Mahadi.

Gusau,
9 ga Mayu, 1998.

Yaya Ma'u,

Sallama da gaisuwa. Lawali direba ya kawo mini albishir jiya, na ba shi goronsa. Alhamdu lillahi da aka rabu lafiya. Yaya mai jego? Yaya jaririyar, ɗiyarki? Sannunku da hidima, ke da gwaggonta Luba.

Takardarki ta kwanaki ma ta iso. Kin wanke ni tas, kuma ban ga inda kika yi ƙari ba. Wurin da kika ce da Innarmu na raye da ta tsine wa hannun da ya buɗe akwatin, nan na ajiye takardar na fita waje.

Abin takaicin, Yaya, dabarar ta yi aiki. Injin ya daina ƙamewa ko da tsakar rana. Mutane har leƙowa suke su ga kwamfuta mai shan ruwa, suna cewa Mahadi akwai kai. Duk wanda ya yaba sai in ji kamar ya mare ni.

To ga inda aka kwana. Lawali ya ce Bara'atu ta roƙi abu biyu: in yarda a sa wa yarinyar sunan Innarta, kuma in aiko da munduwayen duka biyu, za ta sa su ranar suna yadda Innar ta sa ranar sunanta. Na farkon na amsa kafin ya rufe baki. Na biyun ne matsalar.

Yau da safe na faɗa wa Elisha inda na samo ƙarfen. Shekara uku muna tare ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce da ya sani da gara mu rufe shagon har damina ta sauka, kuma na sa shi cikin zunubin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da hannunsa ya kashe injin, ga mutane a kan benci suna jira, ya tsiyaye ruwan, ya kwance dunƙulen ya danƙa mini. Da ɗuminsa.

Gobe zan koma Bungudu da shi, tare da ɗayar munduwar. Tukur zai iya ɗaukar zubinta ya ƙera irinta sak. Na san kin ce in faɗa mata gaskiya. Zan faɗa, amma ba yanzu da ɗanyen jiki ba. Ki kira shi tsoro in kin so, ba zan yi musu ba.

Ƙanenki,
Mahadi.

Gusau,
12 ga Mayu, 1998.

Zuwa ga Bara'atu,

Assalamu alaikum. Barka da sauka lafiya, sannu da jiki. Allah ya raya abin da ya ba mu, ya ƙara miki lafiya. Ki gaida Baba da Gwaggo Luba.

Ga saƙonki na ba Lawali. Kafin ki kwance ƙullin, ki karanta wannan har ƙarshe.

Na ci amanarki. Watan jiya na ɗauki munduwar Inna guda ɗaya a akwatinki ba da saninki ba, na kai aka narke ta don gyaran kwamfutarmu. Ba wanda ya sa ni. Elisha bai sani ba, Yaya Ma'u kuma sai bayan aikin gama ya gama ta ji. Da kika aiko a kawo su, maimakon in zo in durƙusa a gabanki, sai na koma wurin maƙerin da ƙarfen da kuma ɗayar, na ce ya zuba mini irinta. Nufina ki sa su ranar suna ba ki san komai ba.

Na bar masa su na tafi masallaci, daga can na tsaya cin abinci a tasha. Da na dawo ya miƙo mini biyu suna ƙyalli, yana murmushi. Ƙarfen bai kai ba, ya cike da nasa. Sabuwar kuma ta fito ja wur kusa da tsohuwar, don haka ya goge tsohuwar ita ma, ya bi ta da zarto da toka don su zo ɗaya. Baƙin nan da ya kwanta a cikin zanenta, da santsin cikinta inda ta shekara da shekaru tana gugar hannun Inna, duk ya tafi. Ban ce masa ya yi ba, ban kuma ce kada ya yi ba. Irinta sak na nema, shi kuwa ya cika aikinsa.

Na tambaye shi wacce ce ta asalin. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga waccan, ya yi dariya ya ce ai shi ma yanzu sai dai ya yi canki-canka. A bakin maƙerar na zauna a ƙasa. Da ɗaya na ɓata miki, yanzu garin ɓoye kunyata na haɗa da ɗayar.

Tun jiya nake juya su a rana, na auna su a tafin hannu, na shinshina su, ban gane ba. Da zan iya yin shiru, wataƙila har abada ba za ki sani ba, kuma wallahi na so in yi. Abin da na kasa shi ne in zauna a taron suna ina kallon hannunki, kina jin Inna na tare da ke.

Ban roƙi gafara a takarda ba, zan zo da bakina ranar Alhamis. In kin ce kada in shigo, a zaure zan tsaya.

Yanzu ki kwance ƙullin. Ke kika san hannun Innarki. In kin gane tata, ki sa ta, ki aje ɗayar ki jefe ni da ita in na zo. In kuma kin duba ba ki gane ba, Bara'atu, kada ki zargi idonki. Ni ne.

Mijinki,
Mahadi.