Firintar Makaranta Ta Ja Mini Zargi

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni ce mai buga takardu a makarantar yayan mijina. Tambayoyin jarrabawa sun fita tun kafin ranar, har ɗalibai na tura wa juna a waya, kuma ni kowa ke kallo tunda ni kaɗai ke buga su. Wallahi ko mijina ban nuna wa ba.

Firintarmu a haɗe take da intanet, don Yaya, mai makarantar, ya riƙa turo aiki daga gida. Kullum tana neman a sabunta manhajarta, shi kuwa ya kafa doka a danna "sai an jima", wai da zarar an sabunta za ta ƙi tawadar da muke ɗurawa. Wata safiya ma na tarar ta fitar da takardun da ba wanda ya tura, malamai suka yi ta tsokanata wai na ɗauki aljani aiki. Mai gyaran da aka kira ya ce tsohuwar manhajar tana da kafar da wani daga nesa zai iya bi ya kwashe abin da aka buga. Yaya ya ce zancen banza ne, ko in amsa laifi a taron malamai ko in ajiye aiki. In tona a gaban kowa cewa shi ya hana sabuntawa? Mutumin nan fa shi ya riƙe mijina tun yana ƙarami. Raina a ɓace yake, ga tsoro.

Mai Buga Takardu

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Mai gyara ya yi gaskiya, ana shiga firinta daga nesa in aka bar ta da tsohuwar manhaja. Sai dai yiwuwa daban, tabbaci daban, kuma dole mai makaranta ya fara duban hannun da takardun suka bi.

Kada ki kunyata shi a taro. Ku same shi a gida ke da mijinki kafin ranar, ki roƙi ya bar mai gyara ya duba bayanan da firintar ke ajiyewa, a ga ko baƙo ya shiga. Kafin nan a cire ta daga intanet, a sabunta ta, a sauya kalmar sirrin da ta zo da ita. Ki nuna masa cewa in kafar ce, ko ya sallame ki jarrabawa ta gaba ma za ta fita.

In ya ƙi bincike, ki faɗi gaskiyarki a taron cikin ladabi. Ki girmama shi, amma kada ki amsa laifin da ba ki yi ba don rufa wa firinta asiri. Allah ya wanke ki, ya bar zumunci.