Murfin Gorar Zoɓo Ba Asiri Ba Ne

Zuwa ga Hedimastan makarantar su Ishaku,

Yallaɓai, wai kana ina ne? Kullum na zo ofis sai a ce ka tafi Obi, ka tafi mitin. To ga ni a guruf ɗin iyaye na waya, kowa ya karanta. Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Ni ce Maman Ishaku na aji uku, mai zoɓo a bakin get. Ban yi boko mai nisa ba, yadda nake magana haka zan rubuta.

Na ɗaya. Ɗana ba shi da aljani. Mun je addu'a, mun sha jiƙo, na dake shi har hannuna ya gaji, bai zauna ba. Sai a asibiti likita ta ce sunan abin ADHD, hankalinsa ne ba ya tsayawa wuri ɗaya, ba iskanci ba ne. Ni ma ta fara koya wa. A ba shi aiki ɗaya-ɗaya, a kalli idonsa in ana magana, in ya yi a yaba masa nan take, a ba shi abin da zai riƙa tarawa. Me nake da shi? Murfin gorar zoɓo. Ya sa takalmi da kansa, murfi. Ya gama aikin gida, murfi. In 'yar jakar da na ɗinka masa ta cika, babansa ya zaga da shi gari a keke. Yaron da ko tuwo ba ya gamawa a zaune, sai ga shi yana cika shafi.

Na biyu. Ranar Talata Antin ajinsu ta ga jakar a aljihunsa, ta ce asiri ne. Ta sa shi ya zuba murafun a masai da hannunsa, ta bi shi da bulala gaban yara. Haba! Ina bakin get fa, ko kirana ba a yi ba. Tun ranar ya ƙi karɓar murfi, wai ai zubarwa za a yi. Kai kuma ka aiko cewa in ya sake tashi daga kujera za ku kore shi. Kun ajiye shi a baya jikin taga, keke da okada na wucewa, ta ina zai zauna?

Na uku, babansa. Da likita ta ji labarinsa ta ce shi ma ya zo, ashe shi ma abin ke damunsa. Bulala ce ta kore shi daga firamare a Adogi. Yau da gemunsa yake koyon rataye makulli a ƙusa ɗaya da sa ƙararrawa a waya. Ba za a yi wa ɗana haka ba ina raye.

Roƙona, ranka ya daɗe: a dawo da shi gaba. In jikinsa ya motsa a aike shi goge allo. A ajiye bulala. Anti ta faɗa gaban yaran nan cewa ba asiri ba ne. Murfi kam ina da buhu, ku zubar in ƙara. Kuma ba inda zan cire shi in kai shi.

Allah ya ƙara maka girma, ya raya naka 'ya'yan, ya sa kada a taɓa...

Tsaya, ana buga ƙofa. Wannan bugun kamar ganga na Ishaku ne, kuma ba a tashi makaranta ba. Yallaɓai, yau kada ka tafi Obi. Ga mu nan zuwa, ni da shi.

Wassalam.