Kwandon Ihsan

Kuwait, 3 ga Oktoba, 1996

Kawu Shukri,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida iyali. Ya ciwon gwiwa?

Kawu, alfarma nake nema. Wata biyu ke nan Mama tana gidan kula da tsofaffi tun bayan karayar ƙugunta, ni kuwa ko ƙofar gidan ban gani ba. Yanzu mai gidan hayarmu ya matsa, yana son makullin ɗakinta kafin ƙarshen wata. In wurin da take mai kyau ne, sai mu ba shi. In ba haka ba, zan riƙe ɗakin in samo matar da za ta zauna da ita, ko da hawa huɗu ne. Ka san idan makullin nan ya fita hannunmu, Mama ba ta da wurin komawa.

Duk na buga waya sai shugabar gidan ta miƙa mata, ita kuma ta ce "Alhamdulillahi" ta yi shiru. Matar da ke zura kwando daga baranda ta yi rabin awa tana faɗa da mai tumatir, yau ita ce mai kalma ɗaya? Shekara talatin ka yi kana sufeton makarantu. Ka je ka duba mini da idon nan naka.

'Yarka, Nuhad

Iskandariyya, 14 ga Oktoba

'Yata Nuhad,

Wa alaikumussalam. Gwiwa da sauƙi. Bayan gaisuwa, ga rahoto.

Na aika wa Madam Suhair, shugabar gidan, cewa ina tafe ranar Laraba, don mutumin kirki ba ya faɗa wa gidan mutane kamar ɗan sanda. Ta tarbe ni da gahawa. Na ɗaga katifu uku, babu kuɗin cizo. Na shafa yatsa a saman kabad, babu ƙura. Na ɗanɗana shinkafa da kifi a kicin, wallahi ta fi ta gidana, amma kada maganar nan ta kai kunnen matata. Likita yana zuwa duk Litinin. Akwai ƙarfen dafawa a banɗaki, ƙofofin baranda kuma duk a kulle suke saboda kada wani ya faɗo, abin da na yaba ƙwarai.

Yaya Ihsan ta yi ƙiba. A gaban Madam na tambaye ta ko da abin da ke damunta. Ta ce, "Sha gahawarka, Shukri, tana hucewa. Kai dai har yanzu ba ka iya ɗaura madaurin wuya ba." Kin ji ta, bakin yana nan. Abu ɗaya ta roƙa, wai in kawo mata tsohon kwandonta da igiyarsa. Na ce, "Yaya, me za ki saya, ana kawo miki komai har gado?" Ta ce, "Kawo dai, sufeto." Na kai mata washegari, ta cusa shi ƙarƙashin gado.

A ma'aunina wurin ya ci tara cikin goma. Ki kwantar da hankalinki, ki bar ni in miƙa makulli.

Kawunki, Shukri Abdulmalik

Iskandariyya, 25 ga Oktoba

Nuhad, hasken idona,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi a banɗaki. Duk wasiƙar da ta bi ta ofis sai Madam ta gyara mana ita, shi ya sa wannan za ta sauka a kwando ta ƙaramar tagar banɗaki. Amm Ragab mai sayar da wake a bakin titi zai kai gidan waya. Ban taɓa ganin fuskarsa sosai ba, rawaninsa kawai nake hange, amma shi kaɗai ne ya tambayi sunana a unguwar nan.

Ba a dukana, ba a bar ni da yunwa ba, kada ki ɗauki alhakin kowa. Wurin tsaf yake. Amma 'yata, wata uku ban ga titi ba. Baranda tana nan gabana, ina ganin rana a kanta, makullin yana aljihun Madam. Na ce a buɗe mini minti biyar, aka ce, "Mama, sai likita ya yarda." Likita ya ce sai Madam ta yarda. Kowa a nan Mama ce, mu goma sha tara, in an kira ɗaya duk mu waiga. Shayi ƙarfe huɗu ne, ko kina so ko ba kya so. Maƙwabciyar gadona, Sitt Badriya, ta daina magana tun bara, kuma lafiyarta ƙalau, abin faɗa ne ya ƙare mata. Ina tsoron in zama ita.

Kawunki ya zo. Ya leƙa ƙarƙashin katifa, bai leƙa fuskata ba. Kuma ta yaya zan kushe gida a gaban baƙo, da kofin gahawar masu gidan a hannunsa? Uwarmu ba ta koya mana haka ba. Na yi zaton in na ce kwando zai gane. Ashe sufeto sai abin da ke cikin takardarsa.

Jiya na sayi wake, ba don yunwa ba. Amm Ragab ya rage mini awo, na girgiza igiyar sau biyu kamar yadda nake wa duk wanda ya cuce ni, ya yi dariya ya ƙara. Rabon da in ji ni mutum ce tun ranar da na faɗi.

Kada ki ba da makullin. Hawa huɗun nan ko da rarrafe zan hau, in na hau ba sai na sauko ba. Ki aiko amsa ta hannun Amm Ragab.

Uwarki mai yi miki addu'a, Ihsan

Iskandariyya, 12 ga Nuwamba

Nuhad,

Salam. Na ga wasiƙar Yaya da kika haɗo mini. Na karanta sau uku.

Makulli na miƙa shi ranar talatin ga Oktoba, kamar yadda muka yi da ke a waya kafin wasiƙar ta iso ki. Na koma wurin mai gidan jiya, har ya saka wasu ango da amarya. Sun shanya kaya a barandarta.

Yau na je ba tare da na aika wa kowa ba. Na tsaya kusa da mai waken, sai ga kwando yana saukowa ta bango, da 'yar takarda a ciki: "Amsa ta zo?" Mutumin ya dube ni, ya ce, "Kullum haka take tambaya, ya Ustaz. Kai ɗan'uwanta ne? Me zan ce mata?"

Na sayi wake da gurasa mai zafi na saka mata. Ta ja kwandon sama, can sai ga shi ya dawo daidai kaina, igiyar ta girgiza sau biyu. Ban iya ɗaga kai ba, kuma ban shiga ba.

Ke za ki gaya mata, ko ni?

Kawunki, Shukri