Kyamarar da Ka Aiko Don Hoton Inna

Unguwar Gwallaga,
Bauchi.

Zuwa ga yayana Badruddeen,

Assalamu alaikum. Ina yi maka gaisuwa ta girmamawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya kai da iyalinka a can Malesiya, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan muna godiya ga Allah. Damina ta yi kyau, Kawu Bakari ya aiko mana da masara daga Zungur, Bintu kuma ta sauka lafiya, an samu mace. Inna ce dai jiki ya ƙi daɗi, kuma maganarta ce ta sa na zauna na rubuto maka da hannuna, don in na kira ka a waya ba ka barina in kai ƙarshen zance.

Ka san shekara bakwai ke nan ba ka ga fuskar Inna ba. Kai ne ɗan fari, ko sunanka ba ta faɗa, balle ta tsaya gaban waya ku kalli juna. Ka san kuma tunda take ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Sai bayan azumi, rannan tana tsince shinkafa, ta ce da ni in ana samun irin hoton nan na da, wanda ake wankewa a takarda, to a yi mata ɗaya a kai wa wancan na nesa. Na waya kam ta ce ba ta so, yawo yake yi a hannun mutane, kuma ba za ta zauna gaban wani namiji ya ƙura mata ido ba, ni zan ɗauka. Wallahi ranar sai da na shiga ɗaki na yi kuka don murna.

Washegari na je shagon Elisha, mai wankin hoto na bakin titinmu. Ya fito min da wata 'yar ƙaramar kyamara, ba ta fi tafin hannuna ba. Ya ce ga wanda bai taɓa riƙewa ba ita ce daidai: wurin dannawa ɗaya, ita ke gyara haskenta da kanta, ana yi mata caji kamar waya, kuma zai zauna ya koya min. Na gaya maka, ka ce a'a, wai wannan ta yara ce, hotonta ba zai fita tas ba. Ka ce in tambayo mai jawo abu daga nesa, kamar dai Inna tsuntsuwa ce a kan bishiya. Sau uku ina komawa wurin bawan Allahn nan da tambayoyinka yana amsawa da haƙuri, daga ƙarshe ka ce in bari, za ka zaɓo da kanka ka aiko. Wata huɗu kana zaɓe, Yaya, Inna kuwa tana ramewa a gabana.

Da Sabitu abokinka ya kawo ta, na buɗe kwali na ga abu mai kyau kam, ba zan ɓoye ba, amma madannai sun fi goma, takardar bayani kuma ba da yaren da na sani ba. Nan ne nawa laifin ya shigo. Kunya ta hana ni kai wa Elisha ya duba, bayan na ƙi tasa. Na yi caji, na danna, na ga ta yi walƙiya, na ce shi ke nan na iya. Ranar Juma'a Inna ta sa aka yi mata kitso, Zakiyya ta ƙunsa mata lalle, sannan ita Inna ta ɗauko baƙin zanenta na saƙi da ta daɗe tana ɓoyo, ta zauna a kan tabarma gindin dalbejiya. Sau ɗaya ta ɗago kai ta dubi kyamarar sosai, irin kallon da ba ta taɓa yi maka ba a fili. Na danna ya fi sau ashirin.

Da na kai a wanke, Elisha ya buɗe gefenta, ya leƙa, sannan ya ce babu memori a ciki, wato ɗan katin da hoto ke zama a kansa. Ya ce irin wannan daban ake sayen katinta, jan rubutun da na riƙa gani yana ƙiftawa gargaɗi take yi min. Ko hoto ɗaya bai zauna ba. Ka yi wata huɗu kana bincike, amma ba ka iya cewa da ni ga abin da babu a kwalin ba. Raina ya ɓaci da kai, ya ɓaci da kaina, har yau bai huce ba.

Yanzu ya sa mata katin, tana aiki lafiya lau. Sai dai kwana tara bayan wannan Juma'ar Inna ta kwanta, tun kafin a samo katin, yanzu ba ta iya zama sai an tallafe ta, fuskar duk ta faɗa. Ba zan ɗauke ta a haka ba, kada ma ka roƙe ni. In kana son ganin fuskar mahaifiyarka, ka nemi hutu ka zo, kuma kada ka tsaya zaɓen jirgi.

Ka gaida min Anti Habibatu da Abba da ƙannensa. Kawu Bakari da Bintu da Zakiyya duk suna gaishe ka. Inna ba ta san abin da ya faru ba. Shekaranjiya ina ba ta kunu ta tambaye ni, a kaikaice, ko saƙon ya isa, kuma me aka ce. Na ce ya isa, ka ce ta yi kyau ƙwarai, har ka rataye a ɗakinka. Ta juya fuskarta bango tana murmushi. Na yi mata ƙarya da sunanka sau ɗaya, Yaya, ba na jin zan iya ta biyu.

Ƙanwarka da ke zuba ido,
Halimatussa'adiyya.